Yadda ake kula da bishiya a lokacin hunturu

Dashen da aka yi a watan Yuli ko Agusta yakan yi kyau muddin ana ruwa. Ranar gwajinsa tana zuwa ne daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da iska ke kaɗowa daga arewa maso gabas, busasshiya, ɗauke da ƙurar Sahara. Mutane kan ce sanyi ne ya kashe musu dashe, alhali sanyin ƙasar Hausa da wuya ya kai inda ruwa ke daskarewa. Abin da ke kashe shi ƙishirwa ce, sai akuya, sai gara, sai wuta. Iskar da ke fasa leɓe ta sa kaushi a ƙafa ita ce ke zuƙe ruwan ganye, kuma da yake gari ba zafi, sai mai bishiya ya ɗauka ƙasa tana da danshi, ya yi sake.

Ban ruwa shi ne babban aiki, kuma a nan aka fi yin kuskure. Yayyafa moɗa ɗaya kullum ba ya amfanar dashe. Ruwan yana tsayawa ne a sama, saiwoyi su biyo shi sama, ranar da aka yi fashi kuma su bushe. Gara a ba shi da yawa a tsallake kwanaki. Dashen da bai cika shekara ba, a jigawa, a ba shi jarka ɗaya mai lita 20 ko 25 sau biyu a mako. A ƙasar laka wadda ke riƙe ruwa, jarka ɗaya duk kwana biyar zuwa bakwai ta isa. Mai shekara biyu zuwa uku yana son jarka biyu ko uku a mako. Kafin ka ƙara, tona kamar santimita 10 a gefe ka dunƙule ƙasar a hannu. In ta dunƙulu, jira. In ta warwatse kamar gari, lokaci ya yi. Da safe ya fi, kafin iska ta tashi.

Inda ake zuba ruwan ma abin lura ne. Ka ja da'ira kamar rabin mita daga gindin dashen, ka tayar da ɗan kunya mai tsayin santimita 10 zuwa 15 ta zagaye shi, sannan ka bar ɗan tudu a jikin gindin don kada ruwa ya kwanta a kan ɓawo. Lemo ya fi kowa ƙin wannan: in gindinsa yana jiƙe kullum sai ɓawon ya fara tsagewa yana fitar da wani abu kamar ƙaro, ganye ya yi rawaya, bishiyar ta yi ta ja da baya. A zuba a hankali, rabin jarka ya nutse kafin a ƙara sauran. Bishiya in ta girma, saiwoyin da ke shan ruwa suna can daidai inda inuwar rassa ta ƙare da tsakar rana, don haka kowace shekara a faɗaɗa da'irar.

Inda ruwa ke wuya, tulu yana taimakawa ƙwarai. Ka samo tulun ƙasa wanda ba a shafa masa siminti ko fenti ba, ka binne shi har wuya kamar santimita 40 daga dashen, ka cika shi ka rufe baki da murfi saboda sauro da ƙura. Ruwa zai riƙa tsattsafowa ta jikinsa gwargwadon bushewar ƙasa. Ka riƙa leƙawa duk bayan kwana uku. Ruwan alwala da na wanke hatsi duk suna da kyau, amma ban da ruwan wanki mai omo da yawa ko bilic, domin gishirinsu yana taruwa ya ƙone saiwa.

Babban mangwaro da ya fara haihuwa hukuncinsa daban ne. Bushewar ƙasa da sanyin dare su ne ke sa shi fure. In ka ci gaba da shayar da shi bayan ɗaukewar damina, ko ka zuba masa takin yuriya, sai ya ba ka sabon ganye ja mai sheƙi, furen kuwa kaɗan. Saboda haka a ɗauke masa ruwa kamar wata biyu kafin lokacin furensa, a dawo da shi idan 'ya'yan sun ɗaura sun kai girman ƙwayar gyaɗa. Daga nan kuma kada a yi masa yau da yawa gobe babu, don hakan yana ƙara zubar 'ya'ya. A lokacin furen ne kuma wata cuta kan rufe furen da farin gari kamar an barbaɗa toka, ya bushe ya kakkaɓe. Maganin feshi mai sinadarin farar wuta yana tare ta idan an fesa da wuri, bisa awon da ke jikin kwalin, da safe ko da yamma. Maganin kashe ƙwari kuwa a dakata da shi yayin da fure ke buɗe, domin ƙudaje da ƙudan zuma ne ke yi masa barbara.

Bayan ruwa sai rufe ƙasa. Busasshiyar ciyawa, ɓawon gyaɗa, buntun shinkafa ko ganyen da aka share, a shimfiɗa su cikin da'irar da kaurin santimita 8 zuwa 10. Wannan yana rage yawan jarkokin da za ka ɗauko sosai. Sai dai a bar fili kamar faɗin tafin hannu tsakanin shimfiɗar da jikin gindi. Idan ta manne da ɓawo, ka yi wa gara gada. Kowane mako ka duba gindin: in ka ga hanyar ƙasa ta hau jikinsa, ka kankare ta, ka barbaɗa toka a zagaye, ko dakakkun 'ya'yan darbejiya. Gara ta fi kama bishiyar da ƙishirwa ta riga ta galabaitar, shi ya sa wanda ke shayarwa a kan kari bai cika fama da ita ba.

Da an gama girbi aka saki dabbobi, dashenka kan zama shi kaɗai ne kore a fili. Keji ya kai tsayin mita ɗaya da rabi, domin akuya tana miƙewa da ƙafafun baya. A kafa turaku huɗu kamar rabin mita daga dashen, a zagaye da waya, ko ƙayar magarya ko ta bagaruwa, ko a jera bulo da 'yan tazara don iska ta shiga. Cin ganye da sauƙi, zai sake toho. Amma in dabba ta ɓare ɓawo ya zagaye gindi gaba ɗaya, abincin da ganye ke haɗawa ba ya da hanyar sauka ga saiwa, bishiyar za ta mutu ko da ta yi makonni tana kore. A ɓangaren da iska ke fitowa a jingina zana, musamman ga gwanda, ayaba da sabon lemo, amma a bar sama a buɗe. Kada a naɗe dashe da leda. In iska tana kaɗa shi, a ɗaure shi a turke da tsumma mai laushi, sako-sako, ba da waya ba.

Wuta kuma minti kaɗan take buƙata. Tun kafin ciyawa ta gama bushewa a share mita biyu zuwa uku kewaye da kowace bishiya, lambu kuma a yi masa sharar da ta kai mita huɗu ko biyar a bakin iyaka. A cikin gari ma a hana ƙona shara ko hura wutar jin ɗumi a gindin bishiya. Ɓawon gefen yana dahuwa, bayan wasu watanni ya ɓamɓare, ƙwari su sami ƙofa.

Zubar ganye ba mutuwa ba ce. Kuka tana tsayawa tsirara duk rani, zogale ma yakan kakkaɓe in ba a ba shi ruwa, gawo kuwa a lokacin ne yake yin ganye. Kafin ka tuge dashe, kankare ɓawon reshe da farce. In ka ga kore da ɗan danshi, yana da rai. In ka ga launin ruwan ƙasa a bushe, gwada ƙasa-ƙasa har zuwa gindi.

A hunturu ne kuma ake ganin matattun rassa da kauci, wato tsiron da ke fitowa a jikin reshe yana shan ruwan bishiya, sarai. Kauci ba a tsinke shi kawai, domin ya riga ya shiga cikin itacen; a yanke reshen can ƙasa da kumburin da ya yi. Reshe mai nauyi a yanka shi sau uku da zarto: a fara ɗan tsagawa ta ƙasa kamar santimita 30 daga jikin bishiya, a yanke ta sama ɗan gaba da wurin har ya faɗi, sannan a cire guntun da ya rage daidai bakin kumburin da ke tushen reshe. Sara da adda lokaci ɗaya yakan yage ɓawo ya bar miki mai tsawo. A bishiya mai aure, wato wadda aka haɗa reshen wani iri a kan gindin wata, duk tohon da ya fito ƙasa da mahaɗar a cire shi yana ƙarami, in ba haka ba zai danne irin da aka aura. Babban aski na mangwaro a bari sai an gama ɗiban 'ya'ya.

Takin zamani a busasshiyar ƙasa yana ƙone saiwa, don haka a ajiye shi sai damina ko sai inda ake ban ruwa sosai. Takin gargajiya da ya ruɓe ya huce ana iya barbaɗa kwano ɗaya ko biyu a ƙarƙashin shimfiɗar, nesa da gindi. Da shigowar Maris, idan hazo ya janye zafin bazara ya fara, a ƙara wa ƙananan dashe ban ruwa ɗaya a mako, a kuma cike shimfiɗar inda ta yi sirara.