Yadda ake sayar da tsohuwar jitar cinya a kan darajarta

Jitar cinya, wadda Turawa ke kira lap steel, ba kaya ba ce da za ka shimfiɗa a Babbar Kasuwar Sakkwato ka zauna jiran mai tayawa. Kunnen garin nan ya saba da kotso da taushi da gurmi, samarin situdiyo kuma fiyano suka sani. Mai sayenka na gaskiya galibi yana nesa, ko makaɗin coci a Jos ko Kaduna, ko ɗan kiɗan juju a Legas, inda aka saba da irin wannan amo tun lokacin da Demola Adepoju yake kaɗa wa King Sunny Ade babbar 'yar'uwarta mai feda. Mutumin da ke nesa ba zai taɓa kayan da hannunsa ba, da kunne zai saya. Ni sana'ata gyaran rediyo da amfilifaya ce a Mabera, kuma ta nan irin waɗannan jitoci suke biyowa ta hannuna.

Ka fara sanin inda kuɗin yake. A jita ta yau da kullum mai saye yana duba ko wuya ya lanƙwashe, ko ƙarafan da ake danna tsirkiya a kansu sun cinye. Jitar cinya ba ta da wannan damuwa. Kwantar da ita ake yi a cinya, a zame ɗan sandan ƙarfe a kan tsirkiyoyi, amon ya riƙa tafiya ba yankewa kamar kukan goge. Layukan da ke jikin wuyanta zane ne kawai don ido. Saboda haka kusan duk darajarta tana cikin fikof, wato maganaɗisun nan da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, wanda ke ɗaukar motsin tsirkiya ya mayar da shi lantarki. Da ma a kan wannan jita aka fara cin kasuwar fikof: wadda George Beauchamp ya ƙera a 1931, kamfanin da ya zama Rickenbacker ya fara sayarwa a 1932, jitar cinya ce.

To abu na farko, ɗan'uwa, kada ka canza shi. Na ga wadda aka kawo mini bayan wani ya cire mata tsohon fikof ya sa sabo mai walƙiya, wai don ta yi kyau a hoto. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin abin da ya jefar ya fi sauran jitar daraja. Tsofaffin fikof na jitocin Supro da Oahu, waɗanda tsirkiya ke ratsawa ta cikinsu, har nemansu ake yi su kaɗai a ɗora wa wasu jitoci, kamar yadda makaɗin Amurka Ry Cooder ya yi wa tasa. Idan ya zama dole ka sauya wani abu, ko maɓallin bolum ne, ka ƙulle tsohon a leda ka haɗa wa mai saye.

Sai ka gane wane iri ke gabanka, domin shi za ka rubuta a talla. Idan ka ga ƙarafa biyu sun lanƙwaso sun rufe tsirkiyoyi kamar takalmin doki, irin na Rickenbacker ne. Na kafin Yaƙin Duniya na Biyu faɗin maganaɗisunsa inci ɗaya da rabi ne, na bayansa inci ɗaya da kwata, kuma masu nema sun fi son mai faɗin. Amonsa cike yake, yana daɗewa kafin ya mutu. Mai naɗi ɗaya irin na Fender siririn amo gare shi, garau, da kaifi a sama. P-90 na Gibson, wanda ya fito a 1946, ya fi shi kauri da ɗan gurnani. Hambaka mai naɗi biyu, wanda Seth Lover ya tsara kuma Gibson ta fara sawa a jitocinta a tsakiyar shekarun 1950, amonsa a lulluɓe yake kaɗan, amma yana kashe ƙugin lantarki.

Wannan ƙugin ya cancanci a tsaya a kansa. Wutarmu tana juyi hamsin a daƙiƙa, kuma duk fikof mai naɗi ɗaya yana zuƙo wannan zuuu ɗin, balle a kan janareta, ko kusa da doguwar fitila da cajar waya mai arha. Ba lalacewa ba ce, halinsa ne. Yadda za ka rarrabe: ka ɗora tafin hannu a kan tsirkiyoyi. Idan ƙarar ta ragu, wayar ƙasa tana aiki. Idan ba ta ragu ba, ko ma ta ƙaru, wayar da ke haɗa gadar tsirkiya da ƙasa ta saki, ko an juya wayoyin jak, wato ramin da ake soka wayar amfilifaya. Ɗigon dalma ɗaya ne gyaran, kuma wannan kam a yi shi kafin talla.

Yanzu ɗauko mitar auna lantarki. In ba ka da ita, duk mai gyaran rediyo zai ara maka. Soka gajeriyar waya a jak, buɗe bolum har ƙarshe, juya mita zuwa 20k a ɓangaren om, ka taɓa tsinke ɗaya a kan filogi, ɗaya a jikinsa. Mai naɗi ɗaya irin na Fender yakan nuna wajen 6, wato om dubu shida, P-90 da tsohon hambaka kuma tsakanin 7 da 9. Tsohon takalmin doki yana iya nuna ƙasa da haka sosai, domin wayarsa ta fi kauri, kada hakan ya tsorata ka. Abin tsoro shi ne mita ta ƙi motsi gaba ɗaya, alamar waya ta tsinke a cikin naɗi, ko ta nuna sifiri, alamar wayoyi sun haɗe. Ga wani abu da mutanen Kudu ba sa lissafawa: jan ƙarfe yana ƙara tauri ga lantarki da kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri na zafi. Fikof da ya nuna 6.0 a ɗaki mai digiri 20, a shagona da azahar ɗin watan Afrilu, ana digiri 40, zai kai wajen 6.5. Saboda haka ka auna da sassafe, ka ɗauki hoton mitar, ka faɗi lokacin da ka auna, don kada mai saye ya gwada a can ya ce ka ƙara masa lamba. Kuma lambar ba ita ce amo ba. Tana nuna lafiyar naɗi ne kawai. Ƙarfin maganaɗisu ba ya fitowa a mita.

Shi maganaɗisu kunne ke gane shi. Kaɗa tsirkiyoyi ɗaya bayan ɗaya. Idan duk amon ya yi sanyi alhali mita ta nuna lafiya, ya raunana, ana iya sake yi masa caji, amma ka bar wa mai saye wannan zaɓi, ka dai gaya masa. Idan tsirkiya ɗaya ce ta yi ƙasa, duba tazara. Ni nakan bar kusan milimita 3 tsakanin fikof da tsirkiya. In ya matso da yawa amon yakan yi kaushi.

Tsirkiyoyi sababbi za ka sa, na jitar lantarki masu nikel. Na tagulla da ake sa wa jitar akwati ba sa jan maganaɗisu sosai, sai lafiyayyen fikof ya yi kamar mara lafiya. Wajen shara kuma busasshen burushi da tsumma sun isa fitar da ƙurar hunturu. Kada soson ƙarfe ya kusanci wurin, burbushinsa zai manne wa maganaɗisu ya shige cikin naɗi. In ka buɗe murfin ƙasa, karanta lambar da ke bayan tukunyar bolum, wato ɗan gwangwanin da maɓallin bolum ke murɗawa. Wadda ta fara da 137 ta kamfanin CTS ce, 304 kuma Stackpole, lambobin da ke biye su ne shekara da mako. Misali 1376512 tana nufin mako na 12 a 1965. Da wannan za ka kimanta shekarun jitar, ba da rantsuwa ba.

Bidiyo shi ne dillalinka. Ɗaure ta a C6, wato C, E, G, A, C, E daga mai kauri zuwa siririya, shi ne ɗaurin da akasarin masu tsirkiya shida suka sani. Kashe eko da duk wani kwalliyar sauti, kashe fanka, ajiye waya kamu ɗaya daga lasifika. Fara da shiru na 'yan daƙiƙu bolum a buɗe, a ji iyakar ƙugin. Sai kowace tsirkiya ita kaɗai, ka bar ta har ta mutu da kanta. Sai ka zame sanda daga ƙasa zuwa layi na goma sha biyu, ka murɗa maɓallin amo daga rufe zuwa buɗe a kan idon kyamara. Ko ba ka iya kiɗa ba wannan ya wadatar. Makaɗi ya fi son jin tsirara a kan jin waƙa.

A Facebook ko Jiji ka rubuta sunan kamfani, yawan tsirkiya, tsawon tsirkiya daga gada zuwa kai (galibi inci 22 da rabi, dogaye wajen 25), irin fikof, abin da mita ta nuna, da duk aibin da ka sani. Musulunci ya hana ɓoye aibin haja, kuma a wannan ciniki faɗin aibi ma shi ke jawo mai saye na ƙwarai. Kafin ka yanka kuɗi, duba a Reverb, shafin intanet na cinikin kayan kiɗa, nawa aka sayar da irinta, ba nawa ake nema ba.

Za ka samu mai zuwa har shago ya ce, “Malam, ai wannan ba ta da masu so a garin nan, ka sallama mini haka nan.” Ka ce masa, “Albarka, Alhaji, ba sauri nake ba.” Kayan da masu nemansa ba su da yawa haƙuri yake so, wata ɗaya ko biyu ba komai ba ne.

In ciniki ya faɗa da na nesa, ka ga kuɗi a cikin asusunka da idonka, saƙon alat kaɗai ba shaida ba ne. Sassauta tsirkiyoyi kaɗan, naɗe kan jitar da kyau domin tsofaffin maɓallan roba suna marmashewa, sandan ƙarfen kuma a ƙunshe shi daban don kada ya yi ta dukan jikinta a hanya. Idan baƙar Rickenbacker ce mai jikin bakalait, wato tsohuwar roba mai tauri, ta fi kowace tsoron faɗuwa, tsagewa take yi. A tasha ka roƙi direba ya sa ta cikin mota, ba a but ko saman kaya a rana ba, ka karɓi lambarsa ka tura wa mai saye tare da hoton kwalin.