Yadda Ake Zaɓen Kayan Kama Shanu Don Gonar Kiwo

Yawancin masu shiga kiwon shanu a yankin Daura da Katsina sukan fara da sayen dabbobin, su gina kwami, su tara harawa da dusa, sai ranar da likitan dabbobi ya zo yin rigakafin ciwon huhu sannan a tuna babu wurin kama sa. Nan za ka ga samari biyar sun rataya a igiya, an ɗaure ƙafafu, an buga bijimi da ƙasa. Wani ya karye ƙaho, wani yaro ya sha hauri, san kuma ya ɗauki lokaci kafin ya koma cin abinci yadda ya saba. Mai kiwon turka ya san wannan nama ne ke zubewa.

Da farko, ka dubi irin shanun da za ka ajiye kafin ka kira mai walda. Bokoloji ƙahonsa gajere ne, jikinsa kuma da kauri. Bunaji na da matsakaicin ƙaho. Rahaji kuwa, jajayen nan da ake gani a kasuwar Mai'aduwa, ƙahonsu dogo ne mai buɗewa, ga su da saurin firgita. In shanunka ba su wuce biyar ba kuma duk a turke suke, igiya mai kyau da ginshiƙi biyu masu ƙarfi sun ishe ka, ka adana kuɗinka. Da sun haura goma, lungun kamu ya zama dole, wato matsattsiyar hanyar da shanu ke shiga ɗaya bayan ɗaya har a tsayar da su a yi musu aiki.

Na biyu shi ne faɗin lungun, kuma a nan sababbin shiga ke faɗuwa. Mai gona yakan tsaya ya dubi ƙahon babban sansa, ya ce a bar ƙafa huɗu. Mai walda ma zai goya masa baya: "Alhaji, in muka matse, ƙahon ba zai shiga ba." Kada ka yarda. Da jiki ake auna lungu. Sa ya san inda ƙahonsa ya tsaya, da kansa yake karkatar da kai ya wuce, kamar mai ɗauke da dogon itace zai shiga zaure. In ka bar faɗi, abin da zai faru shi ne ya sa kai ƙasa ya nemi juyawa, ya maƙale a karkace, na bayansa ya hau shi. Na ga lungun da aka kashe kuɗi mai yawa aka yi da bututun ƙarfe, amma sai da aka dawo ana ɗaura itace ta ciki don a rage faɗinsa.

Ga manyan shanu, faɗin ciki ya kasance inci 26 zuwa 28, wato kusan santimita 70. Daga ciki zuwa ciki za a auna, ba daga bayan ginshiƙi ba, ka tsaya a kan mai walda lokacin da ya ja tef. In Rahaji ne da kai, a yi shi ƙasa a matse, sama a buɗe: wajen ƙafafu kamar inci 20, sama ya kai inci 32 ko fiye kaɗan. Hakan na ba ƙaho wuri, yana kuma hana maruƙa juyawa. Tsayi kada ya gaza ƙafa biyar. Tsawo kuwa ƙafa 20 zuwa 25, yadda zai ɗauki shanu uku ko huɗu, domin saniya ta fi yarda ta shiga in tana ganin 'yar'uwarta a gaba.

Na uku, abin da za a gina shi da shi. Ni bututun ƙarfe nake zaɓa, inci uku don ginshiƙi, inci biyu don na kwance. A binne ginshiƙi ƙafa biyu da rabi cikin kankare, saboda ƙasarmu yashi ce, in aka yi ramin wasa, sa ɗaya ya jingina sai ginshiƙin ya kwanta. Wanda ƙarfe ya yi wa tsada ya nemi azarar giginya, gara ba ta cika cin ta ba. Itacen bedi ma yana yi na ɗan lokaci in an shafa wa gindinsa baƙin mai. Na kwancen a ɗaura su ta cikin ginshiƙi, don in dabba ta tura, ginshiƙin ne zai ɗauki nauyin. Waya mai ƙaya ko kusa kada ta zo nan. Bayan walda, ka bi da tafin hannunka ko'ina, duk inda ya karce ka a goge shi, don fata ma kuɗi ce.

Sai ƙofar riƙe wuya, wadda ake sawa a bakin fitar lungun don tsayar da sa wuri ɗaya. Waɗanda ake shigowa da su daga waje masu kama kai da kansu, galibinsu don shanu marasa ƙaho aka ƙera su, ga tsada. Bututu biyu a tsaye sun wadatar: ɗaya kafaffe, ɗaya mai motsi daga sama wanda ake ja a sa masa fil in wuya ya shiga. Ka tanadi sandar ƙarfe da za a zura a bayan cinyar san, ta hana shi ja da baya.

Daɓen ya zama kankare mai kaushi da aka tsattsaga tun yana ɗanye, domin mai santsi in ya haɗu da kashi da fitsari sai faɗuwa. Bakin fita ya fuskanci haske da garke, shanu ba sa son shiga duhu, kuma ko tsumma aka rataya a hanya sai su coge.

Sikeli zai iya jira. Tef ɗin auna ƙirji yana ba da kimanin nauyi, ya isa lissafin maganin tsutsa da na hanta. Injin feshi na goyo ya isa maganin kaska, a cikin lungun za ka yi. Wurin lodi kuwa, ka auna tsayin bayan motar da ke zuwa ɗaukar maka shanu, ka tara ƙasa da dutse daidai da shi, gangaren ya yi tsawo yadda sa zai hau ba tare da an murɗa masa wutsiya ba.