Yadda ake kashe kaskar ƙudan zuma da asid ɗin fomik a zafin Legas

Kaskar ƙudan zuma, wadda ake kira baroa, ƴar mitsitsiya ce ja-ja, ba ta kai ƙwayar riɗi ba. Asalinta daga Asiya take, ta shigo Afirka ta Kudu a 1997, yanzu kuma akwai ta a amyoyin kudu maso yammacin Najeriya. A cikin ramukan saƙa take hayayyafa, bayan ƙudan sun rufe tsutsar ƴaƴansu da kaki, ta fi kuma son ramukan ƙudan maza. Alamarta ita ce ƙudan da ke fitowa da fuka-fukai a nannaɗe suna rarrafe a bakin amya.

Ƙudanmu na nan sun fi na Turai jure mata nesa ba kusa ba. Saboda haka mai amya a Epe, Ikorodu ko Badagry kada ya zuba asid don kawai ya ji ana yi. A fara da ƙirga.

Ɗebi rabin kofi na ƙudan daga saƙar da ke da ƴaƴa, wato kamar guda 300, bayan ka tabbatar sarauniya ba ta ciki. Zuba su a kwalba mai murfin raga, ka rufe su da sifirit ko ruwan sabulu, ka girgiza na minti ɗaya, ka tace a kan farin ƙyalle. A wasu wuraren da garin sukari ake yi don ƙudan su tsira, amma laimar Legas tana dunƙule shi, ƙirgar ta fito ƙasa da gaskiya. In kaska ta kai 9, wato 3 cikin 100, magani ya kama. In ba ta kai ba, rufe amyarka ka sake dubawa bayan wata guda.

Abin da ya sa ake son fomik shi ne tururinsa yana ratsa murfin kaki ya kashe kaskar da ke ɓoye tare da tsutsa, kuma ba ya taruwa a kaki. Sai dai zafi ne ke sarrafa shi. Ƙa'idarsa ita ce zafin rana ya tsaya tsakanin digiri 10 da 29. Idan ya kai 33 a kwanaki ukun farko, tururin yakan tashi gaba ɗaya, ƴaƴa su mutu, sarauniya ta salwanta, ko taron ƙudan ya yi ƙaura ya bar maka akwati wayam. Ƙudanmu dama da ƙyar suke haƙuri da takura. Daga Fabrairu zuwa Afrilu kada ma a soma. Lokacin da ya dace shi ne Yuli zuwa farkon Satumba, sa'ad da rana ke tsayawa wajen digiri 28, an kuma riga an cire zuma. A rataye ma'aunin zafi a inuwar da amyoyin suke, kada a dogara da abin da waya ta faɗa.

Asid ɗin fomik da ake sayarwa a shagunan sinadarai, irin na kasuwar Ojota, yawanci mai ƙarfin kashi 85 ne. Na amya kashi 60 ake so: awo biyu na asid, awo ɗaya na ruwa mai tsabta. Ruwan ake fara zubawa, sannan a tsiyaya asid a kai sannu a hankali, a fili inda iska ke kaɗawa. A nemi mai takardar shaidar tsabta, don na masu jimar fata da na masana'anta kan zo da gauraye. Safar hannu ta roba mai kauri, tabarau mai rufe gefe da bokitin ruwa a kusa dole ne. Takunkumin ƙyalle ba ya tare wannan tururi. In ya taɓa fata ko ido, a yi ta kwarara ruwa na minti 15, na ido kuma a wuce asibiti.

Awon asid ɗin da aka sirka shi ne mililita 2 ga kowace saƙa da ƙudan suka lulluɓe. Amya mai saƙa goma cike, mililita 20 ke nan. Ba a ƙirga saƙar da babu kowa a kanta. A sanyaya kwalbar cikin kula mai ƙanƙara kafin a fita, domin asid mai sanyi a hankali yake fara tashi. Da yamma liƙis, a busa hayaƙi ƙudan su sauka, a ja asid da sirinji a watsa a kan siririn soson goge kwano, a shimfiɗa shi bisa firam-firam (katakan da ke riƙe saƙa) na ɗakin ƴaƴa. Sama ake ajiye shi saboda tururin ya fi iska nauyi, ƙasa yake gangarawa. A bar ƙofar amya a buɗe gaba ɗaya, a toshe sauran ɓaraka. Bayan kwana ɗaya ko biyu soson ya bushe, a cire shi. A maimaita sau 3 zuwa 4, da tazarar kwana 4 zuwa 7.

Doguwar amya samfurin Kenya, wadda ta fi yawa a hannun mutanenmu, tana da nata ƙalubalen. Sandunanta na sama, waɗanda saƙa ke rataye a jikinsu, a manne suke, tururi ba shi da hanyar sauka. Sai an ɗan raba sanduna biyu ko uku a kan ƴaƴa, a shimfiɗa raga, a ɗora soson, a kife faranti na roba a kai. Da yake an tsara awon ne don akwati mai firam, a gwada a amya ɗaya tukuna.

Akwai kuma Formic Pro na kamfanin NOD na Kanada, wanda fomik ne da ke zuwa a shirye cikin falle-falle: falle biyu na kwana 14, ko falle ɗaya na kwana 10 a bi shi da wani. A zafinmu ɗai-ɗai ɗin ya fi aminci.

Taron da bai cika saƙa shida ba, ko wanda ke fama da yunwar damina, ba a sa masa. A ciyar da shi ruwan sukari ya murmure tukuna, amma ba a ciyarwa a tsakiyar magani. Ganin ƙudan sun yi cincirindo a ƙofa daren farko, da ƴan gawawwaki, ba abin tashin hankali ba ne. In suna tuttuɗowa waje, a zare soson nan take. Sarauniya kan dakatar da ƙwai na ƴan kwanaki, don haka kada a yanke cewa ta mutu sai an duba bayan mako biyu ba a ga sabon ƙwai ba. Asid yana cin ƙarfe, a lura da ƙusoshi da kwanon murfi. Mako uku bayan zagaye na ƙarshe a sake ɗibar ƙudan 300 a ƙirga.