Golf a Bakin Teku da Golf a Tudu: Kurakuran da Aka Fi Yi

Filin da 'yan golf ke kira linkis shi ne wanda aka shimfiɗa a kan rairayin da ke tsakanin teku da gonaki, irin su St Andrews da Carnoustie a Scotland ko Ballybunion a Ireland. Ƙasarsa tauri gare ta domin yashi ba ya riƙe ruwa, itatuwa kusan babu, iska kuwa ba ta hutawa. Filin tudu, kamar Augusta a Amurka, ciyawarsa na da laushi, ga bishiyoyi da tafkuna. Yawancin kurakurai daga wuri ɗaya suke fitowa: mutum ya ɗauko salon wannan fili ya kai wancan.

Babban kuskure a linkis shi ne dukan ƙwallo da ƙarfi idan iska na fuskantarka. Ƙarfin yana ƙara wa ƙwallo juyin baya, sai ta cilla sama, iska ta tare ta, ta faɗo kusa. Maganinsa shi ne ka ɗauki sanda mai nisa fiye da wadda ka saba. 'Yan wasa kan ƙara sanda ɗaya a kan kowane kilomita 16 a awa na ƙarfin iska, wato inda za ka yi da sanda mai lamba 8 sai ka ɗauki 7 ko 6, domin mai ƙaramar lamba ta fi kai ƙwallo nesa. Ka sauko da riƙonka kamar santimita 2 zuwa 3, ka matsar da ƙwallo kaɗan wajen ƙafar baya, ka yi lilon da bai cika ba, ka tsayar da hannu daidai ƙirji. Ƙwallon za ta tafi ƙasa-ƙasa tana yankar iska. A kula, abin da iskar gaba ke ragewa ya fi abin da iskar baya ke ƙarawa, don haka lissafin ba ɗaya ba ne.

Wani kuskuren kuma shi ne auna tutar da ke nuna rami kai tsaye. A ƙasa mai tauri ƙwallo ba ta tsayawa inda ta sauka, tsalle take yi ta wuce, musamman in iska na bayanka. Ka sauke ta mita 10 zuwa 20 kafin dandalin rami, wato wurin gajeriyar ciyawa da ke kewaye da rami, ta gangara da kanta. In ka matso kusa, bar weji, wato gajeriyar sandar da ke cilla ƙwallo sama, a jaka, domin gindinsa kan yi tsalle a busasshiyar ƙasa, bakinsa ya daki ƙwallo a tsakiya ta tsallake dandali. Lamba 7 ko 8 da ɗan gajeren bugu ta fi aminci, kuma sandar gangarawa ma tana aiki daga wajen dandali in ciyawar gajera ce. A nan ne daɗin linkis yake, ka karanta tudu da kwarin ƙasa kamar yadda kake karanta dandali.

Ramukan yashi na linkis ƙanana ne masu zurfi, bangonsu a tsaye, an jera shi da yankakkiyar ciyawa kamar tubali. Wanda ya faɗa ya nace sai ya buga gaba yakan yi bugu uku bai fita ba. Fita ta gefe, ko ma ta baya, bugu ɗaya kawai za ta ci maka. In ƙwallon ta manne da bango, dokokin 2019 sun ba ka dama ka saki wata a cikin ramin da hukuncin bugu ɗaya, ko a wajensa ta baya da hukuncin biyu. Amma gara kauce musu tun daga farko. Tiger Woods ya ci gasar Open ta 2000 a St Andrews ba tare da ya shiga ramin yashi ko ɗaya ba, a ta 2006 kuma a Hoylake ta Ingila sau ɗaya tak ya taɓa direba, sandar da ta fi kowace kai ƙwallo nesa. Direba ba dole ba ce a kowane rami.

A tudu abin juyawa yake. Wanda ya saba da gangarar da ƙwallo yakan buga gajere, ƙwallo ta nutse a ciyawa mai laima ta tsaya cak kafin dandali, ko ta faɗa tafki. A nan nisan da take yi a sama shi ne abin lissafi, ka san na kowace sanda. In ka shiga bishiyoyi, kada ka nemi ɗan tsukin da ke tsakanin rassa. Ɗauki lamba 5 ko 6, ka fito da ita ƙasa-ƙasa zuwa fili. Kuma duk tabon da ƙwallonka ta yi a dandali ka gyara shi, kana tura gefunan zuwa tsakiya. Ɗaga shi daga ƙasa yana tsinke saiwa, wurin ya bushe.

Ko a ina kake, in ƙwallo ta shiga doguwar ciyawa ko ƙaya, minti 3 kawai doka ta ba ka na nema. Saboda haka kafin ka bar wurin bugu, ka sanar da abokan wasanka ka buga wata ƙwallo ta wucin gadi, wadda za ka ci gaba da ita in ta farko ta ɓace, don kada ka dawo da ƙafa mutane na jira a bayanka.