Mazaunin kyandir na katako: yadda nake raba wuta da itace

Mazaunin kyandir na farko da na juya a inji na katakon malaina ne, dogo siriri, na shafa masa fanish har yana ɗaukar ido. Na kai wa yayata a Tudun Wada. Wani dare aka ɗauke wuta, ta kunna kyandir a kai ta shiga kicin. Kyandirin ya ƙare, lagwanin ya kwanta cikin ramin, bakin katakon ya kama. Ƙauri ne ya fito da ita. Washegari ta aiko min da shi a leda, kansa baƙi ƙirin, da saƙo: "Ka ce wa ƙanena, kwalliya ya ba ni ko gobara?" Ban iya cewa komai ba sai "Yi haƙuri, Yaya." Har yau yana rataye a shagona.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, katakon da ya sha narkakken kyandir shi kansa ya zama lagwani. Harshen kyandir yana kai zafin digiri 1,000, itace kuwa wajen digiri 300 ya ishe shi kamawa. Saboda haka kyandir ba ya zama cikin tsirarar katako, ko da kirya ce ko maɗaci. Dole a sa masa kofin ƙarfe.

Ni a kasuwar Panteka ta Kaduna nake sa a yanko min daga bututun tagulla, a like gindin, a buɗe bakin ya yi leɓe mai faɗi wanda zai rufe gefen ramin. Leɓen nan shi ne aikin, don idan kyandir ya zo ƙarshe harshen kan kwanta gefe, kuma nan zai tarar da ƙarfe. Dogon kyandir irin na teburi gindinsa milimita 22 ne, amma na shagunan unguwa kowanne da kaurinsa, sai ka auna wanda mai sayenka zai riƙa amfani da shi kafin ka huda. Idan yana rawa a cikin kofin, wani zai cusa takarda ya tokare shi, ka ga an ƙara wa wuta abinci. Ƙananan kyandiran nan masu zuwa a gwangwanin alminiyam, faɗinsu kusan milimita 38, su ne suka fi ruɗar mutane. Gwangwanin siriri ne, zafi yake yi sosai idan kyandirin ya narke duka. Ka sa masa kofin gilashi ko ƙarfe mai kauri, kuma kada ka nutsa shi har katako ya fi shi tsawo.

Sai gindi. Ƙa'idar Turai EN 15493 da ta Amurka ASTM F2417 duk suna gwada kyandir a kan gangara mai digiri 10, kada ya kife. Ni ma da ita nake gwada nawa: allo mai tsawon mita 1, ka ɗaga gefe ɗaya santimita 17 da rabi, ka ɗora mazaunin da sabon kyandir a kai, ka juya shi ta kowace fuska. Wanda ya faɗi, gindinsa ya yi kaɗan, komai kyansa. Mai niyyar aika kaya Amurka ya nemi ASTM F2601, ita ce ta kayan da ake ɗora kyandir a kansu. A nan gida hukumar SON ce ke kula da ingancin kaya.

Ɗanyen katako kada ka fara. Ka juya shi da damina lafiya lau, hunturu na shigowa Kaduna sai ya tsage, narkakken kyandir ya bi tsagar. Fanish kuma a waje kawai, ban da cikin rami, ka bar shi ya bushe har warin tina ya tafi.

Kowane sabon fasali sai na ƙona kyandir uku a kansa har ƙarshe, a kan siminti, nesa da dusar katako, ina zaune ina kallo. Mintunan ƙarshe nake jira. Idan ya mutu na cire kofin na duba ƙarƙashinsa. Ko ɗan duhu na gani a jikin itacen, ba zai fita daga shagon ba. Yaran shago suna ganin ɓata kyandir ne, ni kuwa na ga na Yaya.

A gindin kowanne ina manna 'yar takarda da Hausa da Turanci: kada a bar shi yana ci ba kowa, a nisanta shi da labule da gidan sauro da hannun yara, a kashe dogon kyandir idan saura santimita 5. Masu kwalliyar biki da ke saye da yawa ina ƙara musu da baki cewa furen roba ba ya kusantar harshen, kuma idan narkakken kyandir ya kama, ba a watsa masa ruwa don fantsama yake yi. Murfin tukunya ake kifa masa.