Kurakuran da ke ɓata kiran kasuwanci da taro ta waya a Damagaram

Ƴan kasuwa da yawa a kasuwar Dole da unguwar Zongo sun koma cinikayya da taro ta WhatsApp, Zoom ko Google Meet, amma kurakuran nan dai su ake ta maimaitawa. Mutum ya sayi waya mai tsada, ya ga an rubuta HD, wato alamar murya mai fita tas, sai ya ɗauka magana ta ƙare.

Layin waya na da yana ɗaukar sauti ne daga hertz 300 zuwa 3,400 kawai (hertz shi ne ma'aunin kaurin sauti ko sirantakarsa). Kiran HD kuwa yana kaiwa daga 50 zuwa 7,000, shi ya sa sautuka irin su "s", "sh" da "ts" ke fitowa tas. Amma sai wayarka da ta wancan da layin da ke tsakaninku duk sun iya ɗaukarsa. Ɗaya ya gaza, kiran ya koma irin na da.

Babban abin da ke ƙona mini rai shi ne sa waya a lasifika a ajiye kan tebur. Injin wuta na ruri a bayan shago, fanka na kaɗawa, ƴan kabu-kabu na wucewa, kai kuma kana nesa da waya kana ɗaga murya. Ko makirufo mai kyau ne, in kana nesa da shi sai ya kwashi hayaniya tare da muryarka. Wannan ɗabi'a ta taɓa ja mini asara. Yaron shagona ya kira mai ba mu kaya a Kano, waya a lasifika, inji na aiki, ya ce kwali ɗari biyu. Can aka ji ɗari biyar. Sai da mota ta wuce Matameye direba ya kira ni, ya ce: "Alhaji, a tanadi wurin sauke ɗari biyar." Kuɗin mota da na kwastan duk a kaina, ga jari ya kwanta wata da watanni a cikin kayan da ba sa tafiya da sauri. Ba wanda ya yi ƙarya, ba wanda ya yi ha'inci, sakaci ne tsagwaronsa.

Tun daga nan doka ce a wurina: maganar kuɗi ba a yin ta sai da abin kunne mai igiya, makirufo kusa da baki, a ɗaki mai ƙofa. Na fi yarda da mai igiya a kan na Bluetooth, don shi ba ya mutuwa tsakiyar magana. Kowace lamba a faɗe ta, wancan ya maimaita, sannan a rubuta ta a saƙo kafin a kashe. Idan da mutumin Najeriya ne, a fayyace sefa ce ko naira. Wanda ya ce wannan ɓata lokaci ne, bai taɓa biyan kuɗin mota biyu ba.

Sai masu kunna kyamara ko ta halin ƙaƙa. Haba jama'a! Rezo sanda biyu, mutum shida a taro, kowa ya buɗe kyamara don a ga ofishinsa. Murya kaɗai ba ta cin ko kilobit 100 a daƙiƙa, bidiyo mai kyau kuwa ya kan haura megabit 1, wato kilobit 1,000. Idan layi ya cushe, jinkiri ke shigowa, kuma da zarar ya wuce kamar milisakan 150 (milisakan 1,000 ne daƙiƙa ɗaya) sai ku fara katse juna, kowa na cewa "kana ji na?" Ni ina buɗe kyamara ne lokacin gaisuwa, a ga juna, a tambayi iyali da gajiya, sannan in rufe mu shiga aiki. In kaya za a nuna, hoto ya isa.

Mutum biyu a ɗaki ɗaya kada su shiga taro ɗaya da waya biyu a buɗe, amsa-kuwwa da ƙara za su hana kowa ji. Wanda ba ya magana ya rufe makirufonsa. A tsofaffin gidajen Birni masu kaurin bango, a matso kusa da taga ko a fito zaure, kada waya ta faɗa 2G. Lokacin zafi, wayar da ke caji ana taro da ita ta kan yi zafi ta riƙa sanyin aiki, don haka a cika ta tun da wuri, wuta ba ta sallama in za ta tafi.

Masu hulɗa da waje kuma su lura da agogo. Kano da Yamai lokacinmu ɗaya, Dubai ta riga mu da awa 3, Sin da awa 7. Taron da ka sa bayan La'asar, mutumin Guangzhou ya riga ya rufe ofis ya kwanta, don haka da shi sai da hantsi.