Kurakuran da Masu Sana'a Suka Fi Yi da Janareta a Lokacin Damina

Daga ƙarshen watan Afrilu zuwa Yuni, lokacin da ruwan farko ke zuwa da iska mai ƙarfi a Kano da Katsina da Zariya da sauran garuruwan arewa, da wuya hadari ya haɗo ba a ɗauke wuta ba. Iska tana kayar da turakun lantarki, tana karya rassan bishiya a kan wayoyi, tana yaye kwanon rufi ta jefa shi a kan layi, kuma gyaran turke guda yana iya ɗaukar kwanaki. A irin waɗannan kwanaki, mai sayar da ƙanƙara da mai gidan burodi da mai kantin maganin da ke ajiye allurai a firji da ƙaramin asibitin unguwa, dukkansu ba su da madogara sai janareta. Abin da na daɗe da lura da shi shi ne, janaretan da ya ƙi tashi a daren hadari, ko ya tashi ya jawo asara, galibi tun a bazara aka yi sakacin da ya kai shi ga haka.

Yana da kyau mai sana'a ya fara sanin abin da ke cikin akwatin da ya saya. Janareta abu biyu ne a haɗe: inji mai ƙona fetur ko dizal, da kuma ɓangaren da ke haifar da wuta. Injin yana juya wani ƙarfe mai maganaɗisu a tsakiyar naɗaɗɗun wayoyin tagulla, wato abin da makanikai ke kira kwayil, kuma wannan juyawar ce ke haifar da lantarki. Wutar da kayanmu ke aiki da ita a Nijeriya da Nijar mai kaɗawa sau 50 ce a cikin daƙiƙa, saboda haka dole injin ya tsaya a kan gudu ɗaya, wato juyi 1500 a minti ga yawancin manyan injinan dizal, da juyi 3000 ga ƙananan na fetur. Akwai kuma wata ƙaramar na'ura da ake kira AVR, wadda ke riƙe ƙarfin wutar a wajen volt 230 ko da an ƙara kayan da ke jan wuta ko an rage. Injin yana buƙatar iska mai tsabta da mai marar gurɓata da hanyar fitar da zafi da hayaƙi, kwayil kuwa ba ya shiri da ruwa ko kaɗan. Kusan duk kurakuran damina suna faruwa ne a inda aka tauye ɗaya daga cikin waɗannan buƙatu.

Kuskuren da ya fi kowanne muni shi ne shigar da janareta cikin gini saboda gudun ruwa. Da zarar yayyafi ya fara, sai a ga yaron shago ya jawo shi zuwa cikin zaure ko ƙarƙashin matakalar bene ko sito, a rufe ƙofa don kada feshi ya shigo. Hayaƙin injin yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma idan aka shaƙe ta tana kama jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita. Tana farawa da ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, alamomin da a damina kowa zai ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne, sai mutum ya kwanta ya huta a cikin gubar da ke kashe shi. Ina roƙon duk wanda ke da maigadi ko almajiran sana'a da ke kwana a shago ya ɗauki wannan magana da muhimmanci, domin wanda yake barci ba ya jin komai kafin ta gama da shi. Buɗe taga ko kunna fanka ba ya wadatarwa. Wurin janareta waje ne, da tazarar kimanin mita 6 daga ƙofofi da tagogi, a kuma juya bakin salansa ya kalli inda babu mutane. Idan wani ya fara jin waɗannan alamomi alhali inji yana aiki kusa, a fitar da shi fili nan take, a kashe injin, a kai shi asibiti, a kuma gaya wa likita cewa hayaƙin janareta ya shaƙa.

Waɗanda suka bar shi a waje kuma sukan faɗa wani kuskuren, wato lulluɓe shi da tamfol ko leda yana cikin aiki. Wannan yana toshe iskar da ke sanyaya shi, ya sa ya shaƙi hayaƙinsa, kuma ledar tana iya narkewa a kan salansa ta kama da wuta. Gyaran shi ne a yi masa rumfa ta dindindin tun kafin ruwa ya sauka, mai rufin kwano da aka ɗaure da kyau, mai buɗaɗɗun gefuna ko raga, a kan dakalin siminti da ya ɗara inda ruwa ke kaiwa a harabar idan kwata ta cika.

Sai batun haɗa janareta da wayarin ginin, inda ake yawan yin tsumulmular da ke jawo hasarar rai. Wasu sukan haɗa waya mai filogi a kowane kai, su soka ɗaya a janareta ɗaya a soket ɗin bango, suna dogaro da cewa za su tuna su kashe babban makunni. Ranar da aka manta, wutar janareta tana bin layi ta koma waje, kuma taransifoma ba ta zaɓar inda wuta ta fito: kamar yadda take sauke volt 11,000 zuwa wutar gida, haka take ɗaga wutar gida ta mayar da ita dubbai. Ma'aikacin da ya hau turke washegarin hadari yana da tabbacin an kashe layi, ko yaron da ya taka wayar da iska ta tsinke a kan hanya, shi ne zai ɗauki sakamakon. Idan kuma aka dawo da wuta alhali janaretan yana haɗe, wutar biyu za su yi karo, kwayil ya ƙone. Maganin wannan shi ne makunnin sauya layi, wanda masu wayarin ke kira canja-oba, domin an ƙera shi ta yadda ba zai yiwu layin biyu su haɗu ba. Akwai na hannu, akwai kuma mai sarrafa kansa, wanda ke gane an ɗauke wuta ya tayar da inji ya sauya layi cikin daƙiƙoƙi, kuma shi ya fi dacewa da asibiti da ɗakin sanyi. Ko wanne aka zaɓa, ƙwararren mai wayarin ne ya kamata ya ɗaura shi, ya kuma kafa sandar tagulla a ƙasa ya haɗa ta da jikin janaretan, ya sa na'urar tare ambaliyar wuta a allon rarrabawa, domin tsawar da ta faɗa a kan layi daga nesa tana iya ƙona AVR da kwamfutoci.

Wajen zaɓen girman inji ma ana tafka kuskure ta fuska biyu. Lambar kVA, wato ma'aunin girma da ake rubutawa a jikin manyan janaretocin dizal, ba ita ce kilowat ba, wato ainihin ƙarfin wutar da kaya za su samu. Mai kVA 20 kilowat 16 yake bayarwa, kuma a zafin da ya haura digiri 40 ƙarfinsa yana ƙara raguwa. Bayan haka, duk abin da ke da moto, kamar firiza da na'urar sanyaya ɗaki da famfon rijiyar burtsatse, yana jan wuta ninki 3 zuwa 6 a lokacin tashi. Shi ya sa idan aka sauya layi alhali komai yana kunne, sai a ji injin ya yi gurnani, fitilu su dushe, wani lokaci kwamfuresar firiza ko ta na'urar sanyaya ɗaki ta ƙone. Ya kamata a bar injin ya yi minti biyu ko uku ba kaya, sannan a fara kunna mafi girman moto, sauran su biyo baya ɗaya bayan ɗaya, kuma kada jimillar kayan ta wuce kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa. Ɗaya fuskar kuwa ita ce sayen wanda ya yi wa sana'ar girma da yawa. Injin dizal da ke yini yana ɗauke da ƙasa da kashi 30 cikin 100 na ƙarfinsa ba ya yin zafin da zai ƙone mai sarai, sai baƙin maiƙo ya riƙa tsatsafowa daga salansa, kuɗin mai yana tafiya, injin yana lalacewa.

Man da ake zubawa yana da tasa matsalar a damina. Tankin da ke rabi yana tara raɓa a jikinsa saboda laimar iska, ruwan ya gangara ƙasa tunda ya fi dizal nauyi, ƙwayoyin halitta su hayayyafa a tsakaninsu su zama dauɗa mai yauƙi da ke toshe filta, ruwan kuma ya lalata nozul ɗin da ke fesa mai a cikin injin. A riƙa barin tanki a cike, a rufe duro da jarka da kyau a ɗaga su daga ƙasa, a kuma riƙa tsiyaye ruwan da ke taruwa a kofin da ke ƙasan filtar mai. Fetur kuwa idan ya yi watanni a kafireto yana daskarewa ya toshe shi. Kada kuma a ƙara mai alhali inji yana aiki ko yana da zafi, komai matsuwa.

Sauran abubuwan ƙanana ne, amma su ne suka fi hana inji tashi. Batirin da ya shekara biyu ko uku yana bukatar gwaji, kawunansa kuma a kankare su. Filtar iska da ta sha ƙurar hunturu a canja ta kafin ruwan farko. Baƙin mai ana canja shi ne da lissafin awanni, kimanin awa 250 ga yawancin injinan dizal, awa 50 zuwa 100 ga ƙananan na fetur, don haka a ajiye littafin rubuta awannin aiki. A duba ruwan lagireto da bel, a kuma tayar da injin sau ɗaya a mako, aƙalla sau ɗaya a wata a kunna kayan wutar shagon da shi na rabin awa.

Idan kuwa ruwa ya riga ya shanye janareta, kamar yadda ya faru da ɗimbin 'yan kasuwa a Maiduguri bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a watan Satumba na 2024, kada a yi gaggawar murza makulli don a ga ko yana da rai. Ruwan da ya shiga silinda ba ya matsuwa kamar iska, saboda haka yunƙurin tayarwa ɗaya yana iya lanƙwasa ƙarfen fistin, kwayil mai laima kuma yana ƙonewa da zarar wuta ta bi ta cikinsa. A cire batir, a kira makaniki ya zubar da baƙin mai da man tanki, ya canja filtoci, ya fitar da ruwan silinda, ya busar da kwayil sosai, sannan ya auna shi da mita ya tabbatar ba ya zubar da wuta zuwa jikin ƙarfe kafin a sake tayar da shi.